Sharhi Kan Tseren Keke na Cape Town: Kilomita 109 na Titin da Aka Hana Mota Bi

Tseren keken da ake gudanarwa kowace shekara a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, wanda a hukumance ake kira Cape Town Cycle Tour, yana cikin hidimomin wasanni ƙalilan a nahiyarmu da mutum zai biya kuɗinsa ya shiga, ya kuma fito da gamsuwar cewa abin da aka yi masa alkawari shi ya tarar. Ana yin sa ne ranar Lahadi a watan Maris, galibi Lahadi ta biyu, tsawon hanyarsa kilomita 109 ne, kuma yawan mahayan da ake karɓa yakan kai 35,000, dalilin da ya sa ake ɗaukarsa tseren keke mafi girma a duniya cikin waɗanda ake auna wa kowane mahayi lokacinsa shi kaɗai. Na hau shi a cikin gama-garin mahaya, waɗanda ba kofi suke nema ba, burinsu kawai su kai ƙarshe lafiya kafin lokaci ya ƙure, don haka da idon irin wannan mahayi zan auna shi. Hukuncina shi ne ya cancanci kuɗinsa da wahalarsa, bisa sharaɗin mutum ya shirya jikinsa, ya kuma amince tun daga gida cewa iskar wannan gari tana da ikon rushe masa shiri baki ɗaya.

Asalin tseren yana taimakawa wajen fahimtar abin da ake sayarwa. A shekarar 1978 wasu mutum biyu, Bill Mylrea da John Stegmann, suka jagoranci shirya shi domin jan hankalin hukumomi ga buƙatar keɓe wa masu keke hanyoyinsu a cikin gari. Mutum 525 ne suka shiga na farkon, a kan hanya mai tsawon kilomita 104 wadda ta ƙare a Camps Bay, kuma jaridar Argus ce ta tsaya masa, shi ya sa har gobe mazauna garin da dama "Argus" suke ce masa duk da cewa an sauya sunan. A yau wata gidauniya ce ke tafiyar da shi a madadin ƙungiyar mahaya keke ta Pedal Power Association da ƙungiyar Rotary ta unguwar Claremont, kuma rarar kuɗin da aka samu ayyukan jinƙai da bunƙasa hawan keke ake zuba ta. Wannan ya sa kuɗin rajistar bai yi mini ciwo ba, ko da yake baƙo daga wata ƙasa yana biyan fiye da abin da ɗan ƙasa ke biya.

Babban abin da kuɗin yake saya shi ne titi. Tun daga tsakiyar gari har zagayen zirin ƙasar da ya kutsa cikin teku a kudu da shi, ana rufe hanyoyin ga motoci na tsawon sa'o'i, har da manyan tituna masu layi da yawa waɗanda a sauran ranakun shekara doka ma ba ta yarda keke ya hau su ba. Duk wanda ya saba hawan keke a gefen kwalta yana waiwaye, yana kasa kunne ga ƙarar tirela, yana sauka cikin yashi don ya ba mota hanya, zai gane darajar wannan tun a kilomita biyar na farko. A nan mahayi yana da faɗin titi gaba ɗaya, jami'an kula da hanya suna tsaye a kowace mahaɗa, kuma abin da zai kiyaye kawai shi ne tayar wanda ke gabansa. Ban ga wata lambar yabo ko rigar tsere da ta kai wannan daraja ba.

Rajista ta intanet ake yi, watanni kafin ranar, kuma tsarin ba shi da wuyar bi. Abin da ya fi muhimmanci a wannan mataki shi ne rukunin da za a sa mutum. Ba a sakin dubban mahaya lokaci guda. Ana raba su rukuni-rukuni gwargwadon saurin da suka nuna a wasu tsere-tseren da aka amince da su, sannan a riƙa sakin kowane rukuni bayan 'yan mintoci, daga wajen ƙarfe shida na safe har hantsi. Wanda ba shi da wani sakamako a rubuce, kamar yadda yake ga yawancin sababbin shiga, yakan sami kansa a rukunan baya, kuma wannan yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Mai tashi da sassafe yana cin rabin hanya cikin sanyi da lafawar iska, amma mai tashi da hantsi zai isa manyan hawa biyu na ƙarshe ne da tsakar rana, lokacin da rana ta take kuma hanya ta cika da waɗanda suka gaji. Tsarin yana da hujja, domin haɗa gwani da ɗan koyo a rukuni ɗaya haɗari ne, sai dai nauyinsa a kan mai rauni yake faɗawa. Ina ba baƙon da ya san yana da ƙarfi shawarar ya tuntuɓi masu shirya tseren da wuri, ya gabatar da duk wata shaidar saurinsa da yake da ita, kada ya bari sai ranar karɓar lamba.

Lambar ana karɓarta ne a wani baje koli na 'yan kwanaki da ake yi kafin Lahadin, inda ake ba mutum lambar ƙirji da ta keke, tare da abin auna lokaci. Layin yana tafiya da sauri idan aka je da wuri, ranar Asabar kuwa cunkoso ne. Akwai rumfunan kayan keke birjik, kuma a nan ne mutum zai riƙe aljihunsa, ya kuma guji sayen sabon sirdi ko sabon takalmi da niyyar hawa da su washegari, domin abin da jiki bai saba da shi ba ba a gwada shi a tafiyar sa'a biyar.

Wurin tashi shi ne dandalin Grand Parade, gaban ginin majalisar birni, inda Nelson Mandela ya yi wa jama'a jawabi ranar 11 ga Fabrairu, 1990, 'yan sa'o'i bayan an sake shi daga kurkuku. Da asuba ake fara taruwa, kowane rukuni da shingensa da alamarsa, kuma abin da ya burge ni shi ne yadda ake tura wannan taro mai yawa gaba ba tare da turereniya ba. Ana duba lamba a ƙofar kowane shinge, ba a barin kowa ya hau ba hular kwano, akwai banɗakuna na wucin gadi da yawa, kuma lokacin tashin da aka rubuta wa rukuni shi ne lokacin da yake tashi. Ga Musulmi, sallar asuba tana shiga kafin rukunan farko su tashi, don haka mutum yana iya yin sallarsa a masauki cikin natsuwa kafin ya gangaro.

Daga dandalin hanya tana hawa titin Nelson Mandela, ta bi gefen filin da ya rage na unguwar District Six, wadda gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana a matsayin yankin farar fata a 1966, ta kuma kori mutum fiye da 60,000 daga cikinta. Hawan nan na farko yana zuwa ne jiki bai ɗumama ba, kuma ɗokin tashi yana sa mutane da yawa su zuba ƙarfin da za su nema daga baya su rasa. Sai a zagaya kwanar da ke kusa da asibitin Groote Schuur, inda likita Christiaan Barnard ya yi dashen zuciyar ɗan Adam na farko a duniya a watan Disamba na 1967. Gangarar da ke bayan kwanar tana da sauri, hanyar tana lanƙwasa, kuma a nan mahaya suna manne da juna tun ba su watse ba, shi ya sa nake ganin wannan wuri ya fi ko'ina buƙatar hannu a kan birki da ido a gaba. Bayan an wuce Jami'ar Cape Town da unguwar Newlands sai hawan Edinburgh Drive, wanda gajere ne amma a tsaye yake, kuma shi ne wuri na farko da mahayi zai ji ihun 'yan kallo a kunnensa. Daga samansa hanya ta miƙe a kan titin M3 har zuwa kusa da Muizenberg, inda ake fara ganin teku.

Tsakanin Muizenberg da Simon's Town hanyar ta bi gaɓar False Bay, ta ratsa St James da Kalk Bay da Fish Hoek, layin dogo da teku suna hagu, tsauni yana dama. Kyan wurin ba ya buƙatar yabo, amma titin ya matse, akwai ƙananan kwanoni da gefen dakali, kuma idan iskar kudu maso gabas ta taso, a nan take dukan mutum a fuska ba sassauci. Dabarar da ke ceton mahayi ita ce ya laɓe a bayan ayarin da saurinsa ya yi daidai da nasa, domin wanda ke baya yana kashe ƙarfi ƙasa da na gaba nesa ba kusa ba. Wannan kuwa fasaha ce da ake koyo tun a gida, tare da abokan hawa: yadda ake bin taya ba a taɓa ta ba, yadda ake nuna rami da hannu, yadda ake rage gudu ba tare da danna birki farat ɗaya ba. A Afirka ta Kudu hannun hagu ake tuƙi, saboda haka mai tafiya a hankali yana riƙe hagu, mai wucewa ya bi ta dama, saɓanin abin da muka saba da shi a Najeriya da Nijar, kuma ya kamata mutum ya sa wannan a ransa tun kafin ranar.

Bayan Simon's Town, garin da sansanin sojojin ruwan ƙasar yake, gidaje suna raguwa, hanya ta fara hawa a hankali zuwa Smitswinkel. Hawan ba shi da tsanani, tsawonsa ne ke cin mutum, kuma samansa yana kusa da ƙofar gandun Cape Point, wato wurin da hanyar ta fi nisa zuwa kudu. Daga nan ake juyawa, iskar da ta wahalar da mutum ta koma bayansa tana tura shi, a wuce gonar jiminoni, a gangara Scarborough da Misty Cliffs a gaɓar Tekun Atlantika. A ganina wannan ne sashe mafi daɗi a tseren duka: babu hayaniya, iska tana da sanyin teku, ƙafa tana hutawa, kuma nan ne ya dace mutum ya ci abin da ya ɗauko a aljihu ko da bai ji yunwa ba. Akwai birai manya a wannan yanki, kuma doka ta hana ba su abinci, don haka ɓawon ayaba da ledar abinci aljihu ake mayar da su.

Wanda ya buɗe idonsa zai ga cewa hanyar tana ratsa garuruwa iri biyu. Unguwar Ocean View an kafa ta ne a ƙarshen shekarun 1960 domin mutanen da aka tasa daga Simon's Town da kewaye ƙarƙashin dokar raba unguwanni bisa launin fata, kuma kusa da ita akwai Masiphumelele, inda gidajen kwano suke a cushe. A can gaba, a Hout Bay, unguwar Imizamo Yethu tana manne da gidajen masu hali. Yara suna fitowa bakin titi suna miƙo hannu a tafa, suna murna da gaske, amma mahayi mai tunani ba zai kasa lura da cewa kekunan da ke wucewa a gabansu, wasu kuɗinsu ya fi abin da iyayensu ke samu a shekara ba. Kuɗin jinƙan da tseren ke tarawa yana isa wasu daga cikin irin waɗannan unguwanni, kuma ana ganin matasa daga ƙungiyoyin horar da mahaya a cikin ayari, wasu ma a rukunan gaba. Duk da haka ina ganin akwai sauran aiki kafin a ce taron mahayan ya yi kama da taron mutanen garin.

Daga Noordhoek ake shiga Chapman's Peak, kuma saboda wannan titi kaɗai ma tafiyar ta biya kuɗinta. An sassaƙe shi ne a jikin dutse tsakanin 1915 da 1922, tsawonsa kimanin kilomita 9 ne, da kwanoni 114, dutse a tsaye ta dama, teku can ƙasa ta hagu. Zaftarewar duwatsu ta sa an rufe shi a shekarar 2000, har tseren ya koma bin titin Ou Kaapse Weg na wasu shekaru, kafin a sake buɗe shi bayan an kafa ragar ƙarfe da rumfunan kankare masu tare dutse. Hawan kashi biyu ne, kuma nan ne yake yaudarar baƙo: akwai ƙaramin hawa da farko wanda mutum zai ɗauka shi ke nan, sai gajeriyar gangara, sannan babban ya bayyana yana zagaye jikin tsaunin. A wannan lokaci an riga an ci fiye da kashi biyu cikin uku na hanyar, dutsen yana tare iska, zafi yana tashi daga kwalta, kuma za a ga mutane a gefe suna miƙar da ƙafar da jijiya ta ɗaure. Wanda ya sa giya mai sauƙi tun daga ƙasa, ya riƙa juya feda a hankali ba tare da tashi daga sirdi ba, zai kai sama da sauran ƙarfinsa. Gangarar zuwa Hout Bay tana da kwanoni masu kaifi, kuma gajiyayyen hannu ba ya riƙe birki yadda ya kamata, saboda haka babu hikima a neman rama lokaci a wurin.

Suikerbossie, hawan da ke fita daga Hout Bay, bai wuce kilomita biyu ba, kuma da a farkon hanya yake da ba wanda zai riƙa ambatonsa. Matsayinsa ne ya ba shi suna, domin yana zuwa ne bayan an haura kilomita 90, a miƙe yake ba kwana, mahayi yana hango ƙarshensa tun daga ƙasa yana kuma ganin ɗaruruwan da suka sauka suna tura kekunansu. A nan ne jama'ar gari suke taruwa fiye da ko'ina, da kiɗa da ganguna, suna kiran mutum da lambarsa ko launin rigarsa, wasu har su ruga su ɗan tura wanda ya kusa tsayawa. Na tabbata mutane da yawa da suka kai samansa a kan sirdi, wannan ihun ne ya kai su. Sauka a tura keke ba abin kunya ba ne a wurin, abin da ake buƙata kawai shi ne mai turawa ya matsa hagu sosai don kada ya tare masu hawa. Daga sama saura kimanin kilomita 15, yawancinsu gangara da shimfiɗaɗɗiyar hanya, ta ƙarƙashin jerin tsaunukan Twelve Apostles, ta Camps Bay da Clifton da Sea Point, har zuwa Green Point kusa da filin wasan da aka gina domin gasar cin kofin duniya ta 2010.

Hidimar kan hanya ita ce inda shirin ya fi nuna ƙwarewa. Wuraren shan ruwa suna nan a kai a kai, da ruwa da lemo da abin sha mai maido da ƙarfi, 'yan sa-kai ne ke cika wa mutum gora, kuma ban tarar da inda ruwa ya ƙare ba. Akwai tantunan likitoci, da masu tausa ga wanda jijiya ta riƙe, da motocin ɗaukar marasa lafiya, da makanikai masu gyaran sarƙa da birki, sannan akwai motocin da ke bin baya suna kwashe waɗanda suka kasa tare da kekunansu. Ko a 2018, lokacin da fari ya kusa ƙafar da famfunan birnin, an gudanar da tseren ba tare da an ɗora nauyinsa a kan ruwan gari ba, abin da ke nuna cewa masu shirin sun san a cikin jama'a suke aiki. Abin da bai kamata mahayi ya dogara ga kowa a kansa ba shi ne abinci mai riƙe ciki da kayan faci: tib guda biyu, ƙaramin famfo, da sanin yadda ake cire taya a mayar. Dabino da ayaba sun wadatar a aljihu.

Ana ba kowane mahayi sa'a 7 daga lokacin tashin rukuninsa, wato matsakaicin gudun da bai kai kilomita 16 a sa'a ba, kuma akwai wuraren da ake tsayar da wanda ya makara a kan hanya. Wannan iyaka tana da adalci ga duk wanda ya yi atisaye na 'yan watanni. A ɗaya ɓangaren, abin alfaharin mahayan ƙasar shi ne gamawa ƙasa da sa'a 3, wanda ke buƙatar gudun da ya haura kilomita 36 a sa'a tun daga farko har ƙarshe, a kan hanyar da jimillar hawanta ta wuce mita 1,000. Robbie Hunter, gwanin mahayi ɗan ƙasar, ya gama a sa'a 2 da minti 27 da daƙiƙa 29 a 2008. A ɓangaren mata, Anriette Schoeman ta lashe shi sau bakwai, kuma Kim Le Court ta ƙasar Moris, wadda ta ci shi fiye da sau ɗaya, ita ce ta sa rigar jagora mai ruwan ɗorawa a gasar mata ta Tour de France a 2025. Daɗin abin shi ne titin da waɗannan gwanaye suka bi da sassafe shi ne dai wanda tsoho mai shekara saba'in da ma'aurata a kan keke mai sirdi biyu za su bi bayansu.

Babban aibin tseren ba a hannun kowa yake ba, amma wajibi ne a faɗe shi ga wanda zai sayi tikitin jirgi. Watan Maris ƙarshen bazarar yankin ne, lokacin zafi da gobarar daji da iskar kudu maso gabas. A 2002 an dakatar da tseren ana tsakiyarsa saboda zafi da ya kai digiri 42 a wasu wurare. A 2009 iska ta yi tsanani har aka tsayar da na baya a Chapman's Peak. A 2015 gobarar da ta ci tsaunukan kudancin zirin ƙasar ta sa an rage hanyar zuwa kilomita 47. A 2017 kuwa, shekarar da za a yi karo na 40, an soke shi ɗungurungum da safiyar ranar, bayan iska mai gudun kusan kilomita 100 a sa'a ta riƙa kayar da mahaya a wurin tashi, ga kuma mummunar gobara a Imizamo Yethu. Daga shekarar da ta biyo baya ne aka mayar da wurin tashi Grand Parade, aka bar tsohon wurin da iska ke matsewa tsakanin dogayen gine-gine. Ina ganin duk waɗannan shawarwari daidai ne, domin ran mutum ya fi tsere, amma wanda ya taso daga Kano ko Yamai ya sani cewa kuɗin jirgi da masauki a wuyansa suke ko an yi tseren ko ba a yi ba. Ya fi kyau ya tsara tafiyar yadda za ta amfane shi ko da Lahadin ta ɓaci.

Aibi na biyu cunkoso ne. Dubban mutane masu bambancin ƙwarewa a kan titi ɗaya ba za su rasa karo ba, kuma an sha samun munanan raunuka, a wasu shekarun har da rasa rai, ko ta hanyar faɗuwa ko bugun zuciya. Wanda shekarunsa suka ja, ko yake da hawan jini ko ciwon suga, ya ga likita kafin ya yi rajista. Shigowar kekuna masu batir ta buɗe ƙofa ga waɗanda da ba za su iya ba, abin da nake maraba da shi, sai dai tana ƙara bambancin gudu a kan hawa, inda mai batir ke ratsa gajiyayyu da sauri. Abu na uku da ke damuna ya shafi manufar farko: an kafa tseren ne don neman hanyoyin keke, kuma ko da yake birnin ya samar da wasu, mai zuwa aiki da keke ranar Litinin har yanzu yana fama da motoci a mafi yawan titunan da aka ba shi kyauta ranar Lahadi.

Game da zama a garin, Musulmi ba zai sha wahala ba. Cape Town tana da tsohuwar al'ummar Musulmi, masallacin Auwal da ke unguwar Bo-Kaap tun 1794 yake, kuma daga unguwar zuwa wurin tashi tafiya ce ta 'yan mintoci a kan keke. Abincin halal yana ko'ina, kuma da safiyar Lahadi mutanen unguwar suna da al'adar cin wani soyayyen fulawa mai kayan ƙamshi da kwakwa da suke kira koesister. Babu wanda ke tilasta wa mahayi matsattsen wando. Ana iya ɗora wani a kai, muddin bakin ƙafarsa ba zai shiga sarƙa ba, kuma na ga mata da lulluɓi a ƙarƙashin hular kwano suna hawa ba tare da kowa ya kalle su sau biyu ba. Abin lura shi ne kalanda: tseren 2025 ya faɗo a cikin watan Ramadan, kuma tafiyar sa'a biyar ko shida a rana ba ruwa haɗari ce ga lafiya, don haka a duba watan Musulunci kafin a biya kuɗi.

Ɗan Najeriya yana buƙatar biza da katin rigakafin shawara, kuma neman bizar yana son a fara shi da wuri. Ɗaukar keke a jirgi yana buƙatar akwati na musamman da ƙarin kuɗin kaya, shi ya sa haya ta fi sauƙi ga mai zuwa sau ɗaya, amma kekunan haya masu kyau suna ƙarewa tun watanni kafin Maris. Wanda ya yi haya ya zo da sirdinsa da fedarsa daga gida, ya karɓi keken kwana biyu kafin ranar, ya gwada wane hannu ne ke riƙe birkin gaba, domin ba kowane keke ne aka ɗaura wa birki iri ɗaya ba. Wanda kuma yake zaune a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, inda babu tsaunin da zai yi atisaye a kai, ya nemi rama wannan da doguwar tafiya cikin iska da giya mai nauyi, har jikinsa ya saba da sa'a huɗu a kan sirdi. Idan hakan bai samu ba, tun daga 2023 akwai gajeriyar hanya ta kilomita 42 da ake yi a ranar babban tseren, kuma ita ce ta fi dacewa da wanda bai taɓa hawa cikin babban ayari ba, ko da yake ba ta kaiwa Chapman's Peak.